Zauren Na'ura: wasan haɗa kiɗa da yara ke cewa "sabo ya fito"

Assalamu alaikum. Tun da aka shiga hutun makaranta, da wuya rana ta faɗi wani bai tsaya a shagona na gyaran kwamfuta da ke Wadata ya tambaye ni labarin wasan nan na 'yan mutane masu waƙa, wato Incredibox da kwaikwayonsa Sprunki, ba. Saƙonnin da suka shigo zauren nan ma kusan duk a kansa suke. Na tsamo huɗu, na taƙaita su.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 9 yakan ɗauki wayata ya buɗe wani wasa a intanet, wasu 'yan halittu masu launi-launi suna kiɗa da waƙa. Ban taɓa damuwa ba, don ba na jin zagi ko batsa. Shekaranjiya ya ce mini sabo ya fito. Cikin dare ya farka da kuka, ya ƙi kwana shi kaɗai. Da na matsa masa ya nuna mini, sai na ga fuskoki jina-jina. Wane irin abu ne wannan? In hana shi gaba ɗaya?
Wata uwa, Bukoki, Yamai

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su. Kada ki ɗora wa kanki laifi. Wasan da yaronki ya gani an gina shi ne ta yadda farkonsa ba ya nuna ƙarshensa, ko babba ya leƙa sau ɗaya ba zai ga abin ƙi ba.

Wasanni biyu ne mutane ke cuɗanyawa. Na asali sunansa Incredibox. Wasu abokai uku ne a garin Saint-Étienne na Faransa suka fito da shi a 2009, kamfaninsu So Far So Good ake ce masa. In kin buɗe shi za ki ga zanen mutum bakwai a jere, ba riga, sun yi tsit. A ƙasansu akwai alamomi 20, kashi huɗu, biyar-biyar: na bugu, na sautukan ƙawa, na kari, da na murya. Sai ki ja alama da yatsa ki ɗora wa ɗaya, nan take ya sa tufafi ya kama nasa sautin yana maimaitawa. Ki ɗora wa na biyu, na uku, kafin ki ankara kiɗa ya haɗu. Tushen dabarar kiɗan baki ne, irin wanda samari ke yi da leɓe da maƙogwaro suna kwaikwayon ganga. Kamfanin yakan fitar da sabon salo jefi-jefi, kowanne da sunansa: Little Miss a 2012, Sunrise a 2013, The Love a 2014, Brazil a 2016, Alive a 2018, Jeevan mai ɗanɗanon kiɗan Indiya a 2019, Dystopia a 2020, Wekiddy a 2023. Ki lura da tazarar. Shekara guda, biyu, har uku ake yi tsakanin wani da wani.

Na biyun, wanda na tabbata shi ne ya firgita miki yaro, Sprunki ne. Ba kamfanin nan ya yi shi ba. Wani mai sha'awar wasan ne ya kwaikwayi tsarinsa a 2024, a kan Scratch, dandalin koya wa yara haɗa manhaja da jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe a 2007. A Sprunki 'yan wasan halittu ne masu launin ruwan lemo, kore, shuɗi, hoda, suna murmushi a filin ciyawa. Amma alama ta ƙarshe baƙar hula ce. Da an ɗora ta, komai ya juye: sama ta yi ja, kiɗa ya yi nauyi, fuskokin nan masu fara'a su koma masu rauni da jini. Yara sun san wannan sirrin, suna nuna wa juna, iyaye ne ba su sani ba.

Maganar "sabo ya fito" kuwa ga inda take. A Scratch kowa yana da damar kwafar aikin wani ya canza shi ya sake sakin sa, an sa hakan ne don yara su koya daga juna. To shi ya sa Sprunki ya hayayyafa kamar fara. Akwai waɗanda ake kira mataki na 3, na 4, na 5, ana ta hawa, kuma galibinsu mai yin kowanne ƙoƙarinsa ya fi na baya ban tsoro. Wasu ma ba su da ɓangaren fara'ar, da ka buɗe sai jini. Babu wani ofishi da ke duba su kafin su iso hannun yaro.

Ni ban ga a hana shi gaba ɗaya ba. In kin hana a gida zai gani a wayar ɗan maƙwabta, ba kuma zai ƙara faɗa miki ba. Bari in ba ki labarin abin da na yi da ɗiyar ƙanena, 'yar shekara 8, da irin haka ta same ta. Na zaunar da ita kusa da ni a shago da rana tsaka, ƙofa a buɗe, masu kabu-kabu na wucewa. Na buɗe cikin wani aikin Scratch irin wannan, wurin da ake ajiye zane-zanen. Na nuna mata fuskar da ta fi tsoro, na ce ta ɗauki linzami ta danna jan launin da ke kumatun. Ta danna hannunta na rawa, launin ya zaɓu, na ce ta goge. Ta goge. Ta dube ni, ta sake duban allon, sai ta zana masa ɗankwali kore da 'yan kunne. Ranar ta gane zane ne da hannun mutum ya yi, kuma hannunta ma na iya sake shi. Daren nan ta yi barci lafiya.

Ki zo da shi in kina so, ko ki sa wani yayansa mai kwamfuta ya yi masa haka. Sannan ki mayar da shi kan Incredibox a shafin kamfanin kansa, inda akwai ɓangaren gwaji kyauta. Ko a Incredibox ɗin ki fara duba salon da zai taɓa, don Dystopia yana da duhu-duhu ga ƙaramin yaro. Ki kuma sa ido a YouTube, don bidiyoyin Sprunki sun fi wasan kansa yawo. Bayan sallar isha waya ta kwana a ɗakinki.

Tambaya: Yaya, tun da aka sabunta wasan yake kakkatsewa a wayata, wani lokaci ya buɗe ba sauti. Forfena na intanet kuma ba ya kwana. Wani shafi ya ce in sauke cikakken wasan kyauta. In sauke?
Wani matashi, Talaje, Yamai

Amsa: Ƙanena, kar ka sauke. Cikakkiyar manhajar Incredibox ta kuɗi ce a Play Store da App Store, duk wanda ya ce zai ba ka ita kyauta ta bayan gida, akwai abin da yake nema a wayarka. A watan nan kaɗai an kawo mini wayoyi da talla ke faɗo musu ko ana cikin kira, guda kuma kuɗin kiranta ke zurarewa kullum, duk daga irin wannan saukewar. Haka in shafi ya nemi izinin aiko maka da sanarwa, ka ƙi.

Kakkatsewar kuwa, sautuka bakwai ne ke tafiya lokaci guda tare da zane mai motsi, ƙaramar waya tana jin jiki. Rufe sauran shafuka da manhajojin da ke buɗe. Shiga saitin burauzarka ka share tarkacen da take ajiyewa, don sau da yawa bayan sabuntawa tsohon fayil ne ke karo da sabo. A kwamfuta danna Ctrl da F5 tare. In ba sauti, taɓa allon tukuna, don burauza irin Chrome ba ta barin shafi ya fara ƙara sai mai shi ya taɓa. In da abin kunne na Bluetooth kake ji za ka ga sauti na biyo bayan motsi, mai igiya ya fi. Tsofaffin shafukan da ke neman ka sa manhajar Flash kuma ka bar su, an rufe Flash tun 31 ga Disamba 2020.

Forfe ba wasan ne ya fi cin sa ba. Da sautukan sun gama sauka, abin da ake ja kaɗan ne. Tallace-tallacen bidiyo da ke kewaye da shi a shafukan kwafi su ne ke shanye maka.

Tambaya: Malam, ina koyar da ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare. Muna da kwamfuta guda a makaranta. Yarana sun haukace a kan wasan nan, wasu har cewa suke sun iya haɗa kiɗa. Da gaske yana koyar da wani abu, ko ɓata lokaci ne?
Wani mushe, Tawa

Amsa: Mushe, ina gaisuwa, ina gaida mutanen Adar. Can aka yanke cibiyata, don haka tambayarka ta taɓa ni.

Yana koyarwa, amma sai mun san me yake koyarwa da inda ya tsaya. Ka taɓa lura cewa a wasan nan ba a kuskure? Duk alamar da yaro ya ɗora, ta dace da sauran. Ba baiwar yaron ba ce ta jawo haka. Masu wasan sun naɗi dukkan sautuka 20 na salo guda a kan sauri ɗaya da ma'aunin murya ɗaya, kuma tsawon kowanne daidai yake da na ɗan'uwansa ko ninkinsa. Sannan in ka ɗora alama, mutumin ba ya shiga nan take. Za ka ga wani ɗan layi yana cika a ƙarƙashinsa, yana jiran zagayen ya dawo farko, sannan ya faɗo a daidai gaɓa. Abu biyu mafi wuya a kiɗa, riƙe lokaci da sanin inda za ka shiga, na'ura ta ɗauke wa yaro su. Abin da ta bar masa shi ne zaɓi. Zaɓin kuma ba kaɗan ba ne: in ka lissafa hanyoyin ɗaukar 7 daga cikin 20, za ka samu 77,520. Wannan kaɗai darasin lissafi ne ga ajinka.

Amfaninsa na gaske a kunne yake. A ƙarƙashin kowane mutum akwai maɓallin yi masa shiru, da na barin sa shi kaɗai sauran su yi tsit. Yaron da a da yake jin waƙa dunƙule guda, yanzu ya fara rarrabewa: wannan ne ke riƙe ƙasa, wannan ke cike giɓi, wannan ke yawo a sama. Ya fara gane cewa cire mutum biyu na ɗan lokaci sannan a dawo da su ya fi daɗi a kan bakwai ɗin su yi ta ƙara ba hutu.

Sai dai wannan ilimin ba Faransa ta kawo mana shi ba. Ina yaro a Tawa, in ana biki a gidanmu kakata ce ke riƙe babbar ƙwarya. Takan kifa ta a kan ruwa cikin masaki, ta ɗauki 'yan sanduna biyu, ta fara bugu mai nauyi, ba ta sauri ba ta jinkiri. Wata ƙanwar babana ta zauna gefenta da ƙaramar ƙwarya a kife a ƙasa, ba ta taɓa ta ba tukuna, kanta kawai ke kaɗawa. Sai zagaye ya dawo, kakata ta ɗaga gira, ita kuma ta faɗo da nata 'yan ƙananan bugu a tsakankanin na tsohuwar. Masu tafi su biyo, mai bayar da waƙa ta ɗauka, 'yan amshi su karɓe. Ɗan layin nan da ke cika a wasan, a gidanmu girar kakata ce. Haka kuntukuru ke yi wa kalangu, haka makaɗan kokawa ke yi a fili tun kafin a fara gasar ƙasa a can Tawa a 1975. Bambancin shi ne, a wurinsu in ka shiga ba daidai ba kowa zai ji, a harare ka, ka gyara. Da wannan hararar ake zama makaɗi, ita ce kuma wasan ba ya da ita.

Ga abin da zan so ka gwada. Ka ba su minti 15 a kwamfuta, rukuni-rukuni, su haɗa nasu. Sannan ka kashe ta. Ka fito da yara bakwai gaban allo. Ɗaya ya buga tebur da tafin hannu, ɗaya ya kaɗa gwangwani da tsakuwa a ciki, ɗaya tafi, ɗaya ya yi "dum, dum" da baki, biyu su riƙe amshi, ɗaya ta bayar da waƙar gaɗa da suka sani. Yaro na takwas shi ne mai wasan: wanda ya nuna ya shiga, wanda ya dafa wa kafaɗa ya yi shiru. Karon farko zai watse, wani zai yi gaba wani ya yi baya, za su yi dariya. Ka bar su su maimaita. Ranar da suka riƙe minti biyu ba wanda ya kauce, sun koyi abin da kwamfutar ke yi musu a ɓoye.

In kana da rezo mai ɗan ƙarfi, ka kuma gwada Song Maker na Chrome Music Lab, kyauta ne a burauza. Can yaro da kansa yake ɗora kowane sauti a gurbinsa, yana iya yin kuskure ya ji da kunnensa. A saitinsa akwai ma'auni mai hawa biyar, wanda ya fi kusa da karin waƙoƙinmu.

Tambaya: Malam, mu ɗalibai uku ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Muna son mu yi irin wannan wasa amma da kalangu, gurmi da algaita. Zai yiwu da Scratch? Kuma za mu iya sayar da kiɗan da muka haɗa a Incredibox?
Wani ɗalibi, Harobanda, Yamai

Amsa: Ƙannena, wannan saƙon ne ya fi faranta mini rai. In fara da ta biyun don gajera ce: sautukan Incredibox mallakar kamfanin ne. Kuna iya naɗar haɗinku ku tura wa abokai ta hanyar da wasan ya tanada, amma sayarwa ko sa shi a talla sai da izininsu.

Ta farkon kuwa, zai yiwu ƙwarai. Tun fitowar Scratch 3.0 a Janairun 2019 yana aiki a burauza kai tsaye, akwai kuma manhajarsa da ake sa wa kwamfuta a yi aiki ko ba intanet, abin da ya dace da mu da kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa yana tafiya. Ana iya juya shi zuwa Faransanci. Haɗa tubalan umarnin ba zai ɗauke ku sati biyu ba. Wahalar tana wurin sauti.

Ku fara tsayar da sauri guda. A ce bugu 100 a minti: kowane bugu daƙiƙa 0.6 ke nan, zagaye mai bugu 8 ya zama daƙiƙa 4.8. Kowane sauti da za ku naɗa dole ya zama 4.8 cif, ko 9.6. Ku naɗi bugun ƙasa tukuna, duk wanda zai biyo ya sa abin kunne yana jin sa yana yin nasa. Ku yanke da manhajar gyaran sauti Audacity, kyauta ce. A cikin Scratch kuma kada kowane ɗan wasa ya riƙe agogonsa, za su rabu a hankali. Ku yi agogo ɗaya da ke aika saƙo duk farkon zagaye, kowa ya tashi da jin saƙon.

Na gwada wannan bara da wani dattijo mai kalangu da ke zuwa bukukuwa a unguwarmu. Na sa masa abin kunne, ƙarar ma'aunin lokaci na yi masa ƙyas-ƙyas. Ya saurara, ya matse tsarkiyar kalangun a hammata, ya yi zagaye biyu, sai ya cire abin ya ajiye a kan tebur. Ya ce mini, "Ɗana, wannan abin naka ba ya numfashi." Ya yi gaskiya. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, kirari kuma ba ya yarda a yanke shi a daƙiƙa 4.8. Sannan yawancin kiɗanmu tafiyar uku-uku yake yi, ko uku a kan biyu, alhali irin waɗannan wasanni sun fi tafiya huɗu-huɗu. Da muka juya abin, muka bar shi ya buga yadda ya saba, muka auna zagayensa, sannan muka gina sauran a kan nasa, sai ya zauna. Ku ma ku yi haka: ku ɗauki ma'auni daga hannun makaɗi. Gurmi da algaita kuma ku sa a daidaita muryarsu da juna tun kafin naɗi, a zama guda, don in kun naɗe su rana daban-daban ba za su haɗu ba.

Ku je cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, CFPM, a nan Yamai. Akwai kayan kiɗan gargajiya a ajiye, akwai kuma waɗanda suka san su. Ku ɗauki 20 ɗinku daga ƙasar nan duka: kalangu da kuntukuru, ƙwarya, shantu, goge, gurmi, molo, sarewar Fulani, tinde na Abzinawa, tafi da guɗa. Ƙasar da ta sa wa gasar kiɗanta sunan mawaƙi Ɗan Gurmu na Tawa ba ta rasa abin cika gurbi 20 ba.

Abu guda nake roƙonku da shi. Duk makaɗin da kuka naɗa, ku faɗa masa a fili inda sautinsa zai je, ku biya shi, ku rubuta sunansa a cikin wasan in ya yarda. Ku tuna a Scratch kowa na iya kwafar aikinku da sautukan da ke ciki, to shi ma ya san da haka kafin ya fara kiɗa. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, zai iya yi muku bayanin yadda ake rubuta yarjejeniya. Take da kirarin wani gida ko wata sarauta kuwa kada ku sa sai masu shi sun amince.

Naɗin dattijon nan yana nan a kwamfutata, zagaye shida, ya kuma yarda a yi koyo da su. Ranar Asabar bayan la'asar shago ba cunkoso. Ku zo da kwamfutarku da abin kunne mai igiya, mu fara da agogon.